Wa ya haƙa tafkunan Jos?

Mai barin Abuja zuwa Bauchi yana da abin kallo a hanya, in dai barci bai ɗauke shi ba. Daga Keffi zuwa Akwanga ba wani abu sai zafi da 'yan talla. Kallo na farawa ne a gindin Hawan Kibo, inda ruwan Assop ke zubowa daga kan dutse, direbobi su tsaya su duba birki da ruwan lagireto. Idan mota ta gama nishi ta hau tudu, sai iska ta juya, a fara ɗage gilashi. Can gaba ga duwatsun Riyom, wani bisa wani, har mutum ya ce yanzu na saman zai faɗo.

Daga nan zuwa Bukuru ne tafkunan ke bayyana, dama da hagu, cike taf da ruwa a watan Maris, lokacin da rafukan ƙasarmu sun koma yashi. Ranar da muka bi hanyar, ƙanena ne ya tayar da zancen. "Yaya, ina ruwan nan ke fitowa? Ba kogi, kuma a kan tudu muke." Da gaskiyarsa, domin Jos ta haye teku da kusan mita 1,200.

Wani ɗalibi da ke kujerar baya ya ce ai ramukan dutse mai aman wuta ne. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Filato na da irin waɗannan duwatsu a wajen Panyam da Kerang, kuma tafkin Pidong a ƙasar Mangu cikin bakin irin wannan dutse yake. Amma shi Pidong sai an hau dutse ake ganinsa. Waɗannan kuwa a fili suke kwance, wasu ma da kusurwa. Direba ya ce dam ne na gwamnati. Muka duba, babu ganuwa, babu mashigar ruwa, babu mafita.

Wajen Mararrabar Jama'a muka sauka sayen kabeji da karas, sai na taka zuwa bakin wani tafki. Gaɓarsa a tsaye take, ba gangara, kamar an yanka da wuƙa. A gefensa ga tulin jar ƙasa ya fi gida tsawo, ruwan sama ya zaizaye shi, ciyawa ma ta ƙi kama shi sosai. Da na ɗaga kai, kowane tafki da nasa tulin. To, ke nan haƙa aka yi. Bahaushe ya san kududdufi, wanda ake samu bayan an ɗebi ƙasar gini. Sai dai mai kududdufi yakan tafi da ƙasar. Nan kuwa an haƙa rami mai zurfin gaske, an zubar da ƙasar a bakinsa an tafi. Me aka ɗauka?

Amsar tana hannun wata dattijuwa da ke durƙushe a bakin ruwa da kwano. Takan ɗebo yashi, ta tsoma kwanon, ta juya shi a hankali, farin yashi ya bi ruwa. Na ce, "Sannu da aiki, Mama. Me ake nema?" Ta karkato kwanon, ta nuna mini wani baƙin tsaki da ya kwanta a gindi, ta zuba mini kaɗan a tafi. Nauyinsa ya fi girmansa nesa. "Kuza ne, ɗana," in ji ta.

Daga nan sauran zaren ya warware. Kuza na cikin duwatsun Filato ne. Da shekaru suka yi ta cinye dutsen, ruwa ya kwashe kuzan, nauyinsa ya sa ya zauna a gindin tsofaffin koguna, daga baya ƙasa ta binne su. Mai son kuza dole ya kwashe ƙasar sama tukuna, ita ce tulin nan. Ramin kuma ya zarce inda ruwan ƙasa yake, shi ya sa da aka daina zuƙe shi da famfo ya cika, rani bai iya ƙafar da shi.

Tun kafin Turawa ana narka kuza a Riruwai ana kai shi kasuwanni, kuma ganinsa a hannun fatake ne ya sa kamfanin Turawa na Neja ya bi sawu. A farkon shekarun 1900 suka kafa sansani a Naraguta. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, a kan layin da ake kira na Bauchi, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba: a lokacin Jos na cikin Lardin Bauchi, sai 1926 aka yanke Lardin Filato. Leburori suka kwararo daga Kano, Katsina, Borno da kudu, abin da ya sa za ka ji sunaye irin Barikin Ladi da Sabon Gida a tsakiyar ƙasar Birom. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai aka ɗebo mutane dubbai aikin dole, sanyin tudun da cututtuka suka kashe da yawa. A cikin irin wannan haƙa ne kuma aka tono mutum-mutumin Nok, irin waɗanda ke gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Saura tambaya ɗaya, wadda ɗalibin nan ya yi da muka kama hanyar Toro: me ya hana a cike ramukan? An baje wasu, an dasa itacen turare a jere, ana ganinsu daga mota. Amma kuzan da ke kusa ya yi ƙaranci, farashinsa ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar gonakin mutane a haƙe. A ganina wannan bashi ne da har yau ba a biya ba, domin yara da shanu na faɗawa ciki, gaɓar kuma ba ta da wurin kamawa. Manoma dai sun sa injin ban ruwa a bakin tafkunan, kuma kabejin da muka cika but da shi da ruwansu aka noma.