Lambun Bayan Ɗaki a Tsakiyar Bazara: Darasi Daga Unguwar Lalle

Idan watan Afrilu ya kama a ƙasar Gobir, ba sai an gaya wa mutum bazara ta kankama ba. Tun da hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kafin azahar ma'auni ya nuna digiri 40 na santigireti ko fiye, a inuwa ke nan. Rairayin da ke fili kuwa zafinsa yakan haura digiri 50, shi ya sa yaro marar takalmi yake tsere daga wannan inuwa zuwa waccan. Rabon ƙasa da ruwan sama tun wajen watan Oktoba, ba a kuwa sa ran na kirki sai Yuni. Duk da haka, wanda ya leƙa bayan ɗakunan wasu gidaje zai iske ɗan fangalin alayyafo kore shar, da guro 'yan gindi goma, da zogale jere a jikin danga.

Unguwar Lalle tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Wannan yanki, har zuwa Isa, ƙasar fadama ce, domin Gulbin Rima da rassansa, wato Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, sun ratsa shi. Noman rani a nan tsohon abu ne. Da can da jigo ake ban ruwa, sa'an nan ƙananan injinan fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka yaɗu, musamman bayan da aka soma Shirin Raya Fadama na ƙasa a farkon shekarun 1990. To, amma tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada, har dubban mutanen yankin suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. Bayan haka aka janye tallafin man fetur a 2023, tayar da inji ya ƙara tsada. Saboda haka ɗan lambun cikin gida, wanda a da ake yi wa kallon aikin tsofaffin mata, yau yana iya zama abin da ya raba miya mai ganye da miyar da ba ta da shi. Wannan kuwa ba zancen daɗin baki ba ne kurum. Ɗanyen ganye yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da abin da jiki ke sarrafawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi.

Masu irin wannan lambu ba su da littafi. A bakin rijiya da gidan suna da wurin sussuka ake musayar iri da dabara, a yi gardama, kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Abin sha'awa shi ne, in aka auna maganganunsu da ma'aunin kimiyya, yawancinsu sukan tsaya daram, wasu kuma su bukaci gyara.

Ina ruwan yake tafiya?

Kukan da aka fi ji shi ne: an zuba ruwa da safe, kafin la'asar ƙasa ta bushe kamar ba a taɓa jiƙa ta ba. Ruwan yana bin hanya uku ne. Wani ya nutse ƙasa ya wuce inda saiwa take, musamman a jigawa mai yashi. Wani rana ta ɗauke shi daga saman ƙasa ya zama tururi. Na uku shi ne wanda tsiron ya zuƙa, shi ma ba ya zama a jikinsa. A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu. Ta nan tsiro yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa yake ficewa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo ta waɗannan ƙofofi yake fita. Ba asara ba ce zalla, domin da haka ganye yake sanyaya kansa, kamar yadda zufa take yi wa mutum.

Ga ɗan lissafi. A ƙasashe masu zafi da bushewa irin wannan, fili mai cike da tsiro yakan rasa ruwa mai zurfin milimita 6 zuwa 8 a yini. Milimita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. Ashe jarka mai cin lita 25 ba za ta wadatar da fiye da fangali mai tsawon mita uku ko huɗu da faɗin mita ɗaya ba, a kowace rana. Wannan ne ya gaskata shawarar da tsofaffin hannu kan ba sabon shiga, cewa ya fara ƙidaya gugan da zai iya ja kafin ya ƙidaya fangali. Fangali biyu da suka ƙoshi sun fi shida masu ƙishirwa.

A kan lokacin ban ruwa ma akwai saɓani. Wasu sun fi son asuba, wasu bayan la'asar, amma kusan kowa ya yarda cewa ruwan tsakar rana yana ƙona shuka. A gaskiya ɗigon ruwa ba ya ƙona ganyen alayyafo ko na guro. Illar ita ce kaso mai yawa yakan tashi sama kafin ya kai ga saiwa. Hukuncin nasu daidai ne, dalilin ne ya ɗan kauce. Abin da ya fi lokaci muhimmanci shi ne ruwan ya shiga ƙasa sosai. Yayyafi sama-sama yana sa saiwa ta tsaya kusa da doron ƙasa, inda zafi ya fi tsanani.

Rufi, inuwa da tulu

Dabarar da ta fi kowace arha ita ce rufe fangali da ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, ko busasshen ganye. Rufin yana hana rana dukan ƙasa kai tsaye, yana kuma hana iska kwashe laima. Duk wanda ya cusa yatsa ƙarƙashinsa da azahar zai ji bambanci. Sai dai a bazara ba a samun kara da harawa a banza, domin awaki da murhu suna jiransu. Ga kuma masu ƙin rufi saboda yana kiran gara, wani lokaci har da kunama.

Zancen gara yana da fuska biyu. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga yankin Illela ta Nijar, cikin Jihar Tawa, suka ziyarci Yatenga a ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa, a zuba taki a ciki, a yi shuka. Da suka komo sai suka inganta tasu tsohuwar dabara mai suna tassa, ta bazu daga manomi zuwa manomi. A cikin waɗannan ramuka gara abokiyar aiki ce: tana bin taki, tana huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. A lambun gida ma yawanci busasshen abu take ci. Abin kiyayewa shi ne kada rufin ya taɓa gindin tsiron, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu. Wannan hikima ta rami ita ce ta fangali mai zurfi. A damina kunya ake tayarwa don kada ruwa ya kwanta, a bazara kuwa kwari ake nema don kada ya gudu.

Game da inuwa, masu lura sun gane cewa ranar safe magani ce, ta yamma kuwa azaba. Don haka sukan yi fangali a gabashin katanga, yadda inuwarta za ta rufe shi bayan azahar, ko su kafa 'yar rumfar tsohuwar zana mai ɓula-ɓula. Inuwar zogale shara-shara ce, ganye yana yi a ƙarƙashinta. Ta dogon yaro ta yi duhu, ga saiwoyinsa masu kwashe ruwa. Danga kuma, ko ta kara ko ta lalle mai rai, tana karya busasshiyar iska. Lalle dai itace ne mai jure fari, ga shi abin sayarwa.

Akwai wata dabara da ta cancanci yaɗuwa fiye da yadda take. A sami tulun ƙasa, a binne shi har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa, a yi shuka kewaye da shi. Jikin tulu yana da ƙananan kafofi, su ne suke sa randa tsatsafo har ruwanta ya yi sanyi. In ƙasar da ke kewaye ta bushe sai ta tsotsi ruwa, in ta jiƙe tsatsafon ya ragu. Wato ƙasar ce da kanta take auna abin da take bukata, ruwan kuma kai tsaye yake zuwa ga saiwa. An bayyana wannan hanya a wani littafin noma na ƙasar Sin fiye da shekara 2000 da suka wuce. Rufe bakin wajibi ne, in ba haka ba an yi wa sauro gida.

Tumatir ya yi fure bai yi 'ya'ya ba

Wannan shi ne abin da ya fi ɓata wa masu lambu rai. Tsiro ya yi kyau, ya fid da fure, sai furen ya bushe ya kakkaɓe. Wasu su ce ƙarancin taki ne, su ƙara, abin ya daɗa lalacewa. Wasu su ɗora wa iri laifi, wasu ma su ce baki ne. Dalilin kuwa zafi ne. Kafin fure ya zama ɗa, sai garin da ke cikinsa ya faɗa a kan sashen mace ya tsira. Idan zafin rana ya zarce kimanin digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, wannan gari yakan mutu ko ya raunana. Babu takin da zai gyara haka. Tumatir amfanin hunturu ne a wannan ƙasa, shi ya sa yake arha a Janairu da Fabrairu, ya yi tsada daga bazara zuwa damina. Wanda ya ɗan ƙulla kuma akan ga gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe. Wannan ba tsutsa ba ce. Ban ruwa na yau a yi gobe a fasa shi ne yake hana sinadarin kalsiyam isa ga ɗan.

Masu wayo ba sa jayayya da bazara, sauya iri suke yi. Alayyafo da gasaya suna cikin rukunin da masana suke kira C4, tare da gero da dawa da rake. Waɗannan suna da hanyar tara iskar kabon a cikin ganye, don haka ba sai sun buɗe ƙofofinsu sosai ba, ruwan da suke kashewa kaɗan ne in an kwatanta da girman da suke yi. Alayyafo kuwa cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Guro, wato kuɓewa, da rama da sure, wanda a Kano ake kira yakuwa, ba sa cikin wannan rukuni, amma 'yan ƙasar zafi ne masu doguwar saiwa. Zogale kuma in ana sare kansa daidai ƙirjin mutum yakan yi rassa, ganye ya yawaita inda hannu zai kai. Abin da ya yi saura a shanya shi a inuwa, domin rana tana lalata wani kaso na bitamin ɗinsa.

Ruwan da aka riga aka mora

Inda ruwa yake da wuya, ba a zubar da shi sau ɗaya. Ruwan alwala da na wanke ganye da hatsi ba su da illa, ko da yake ƙasari sai an yi rabo da tumaki. Ruwan wanki ne abin tsoro. Garin sabulu yana da gishirin sodiyam, ga wasu rijiyoyin ma da ɗan zartsi. Ruwa yakan tashi sama ya bar gishirinsa a baya, kullum yana taruwa, har a ga fari-fari kamar kanwa a gefen fangali. Da gishiri ya yi yawa sai saiwa ta kasa jan ruwa, tsiro ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe. Maganinsa shi ne a riƙa malala ruwa mai kyau jefi-jefi don ya tura gishirin ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ma haka yake ƙona shuka, sai an bar shi ya ruɓe a rami tukuna. Ruwan makewayi kuwa kada ya kusanci ganyen da ake ci ɗanye, saboda ƙwayoyin cutar amai da gudawa. In ya zama dole, a bar wa lalle.

A kan ƙwari, irin su darɓa da farin ƙuda, abin da aka fi ba juna shawara shi ne dogon yaro, kuma binciken masana ya goyi bayan haka. A daka ƙwallonsa kimanin giram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, saboda haka mai gaggawa yakan ce bai yi aiki ba. Da yamma ake fesawa, domin hasken rana yana karya ƙarfinsa.

Malamin kimiyya yana iya kawo duk wannan cikin aji ba tare da kashe kuɗi ba. A cika gwangwani uku masu girma ɗaya da ƙasa iri ɗaya, a zuba musu ruwa daidai wa daida. A bar na farko a rana tsirara, a rufe na biyu da ƙaiƙayi shi ma a rana, a ajiye na uku a gabashin bango. Ɗalibai su riƙa auna nauyinsu safe da yamma har kwana biyar, suna rubutawa, da sanin cewa duk giram ɗaya da ya ragu mililita ɗaya ce ta ruwa. A rana ta farko kuma a ɗaura farar leda a reshen zogale mai ganye, a tsuke bakinta, a komo bayan awa uku a duba abin da ya taru a ciki.