SARATU GIƊAƊO (DASO): Muguwa a fim, uwa a lokeshin

Duk lokacin da mai kallo ya ɗauki kwalin fim, fuskar da ya ke fara nema ita ce ta yarinya da saurayin ta. Su ne a fosta, su ne a bangon mujalla, su ne masu rawa da waƙa a cikin lambu. Amma duk wanda ya san kan shirin fim ya san wadda ke zaunar da mai kallo a kan tabarma har ƙarshen kaset na biyu. Ita ce uwar mijin da ta ce atafau ba za a yi auren nan ba, ko kishiyar da ta zari mayafi ta nufi gidan boka. In babu ita, ai tun a minti na goma za a ɗaura aure kowa ya watse.

A tarihin finafinan Hausa, 'yan wasa ƙalilan ne su ka riƙe wannan matsayi kamar yadda marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta riƙe shi. Shekara 24 ta yi a industiri, daga 2000 har zuwa rasuwar ta a 2024, kuma a mafi yawan shekarun nan aikin ta shi ne ta sa a tsane ta. Ta kuwa yi nasara.

DAGA AJI ZUWA GABAN KYAMARA

An haifi Daso a ranar 17 ga Janairu, 1968. Kafin ta shigo fim malamar makaranta ce. Fim ɗin ta na farko shi ne 'Linzami Da Wuta' na kamfanin Sarauniya da ke Kano, wanda ya fito a 2000, a daidai lokacin da tauraron kamfanin ke haskawa saboda kasuwar da 'Sangaya' ya yi. Daga nan sai finafinai su ka riƙa biyo juna, irin su 'Nagari', 'Gidauniya', 'Mashi' da 'Sansani'.

Abin lura a nan shi ne ta shigo ne ta na da shekara 32 a duniya. A ƙa'idar kasuwar wancan lokaci, ta wuce fitowa a matsayin budurwar da ake rera wa waƙa. Wata da ta ga haka sai ta karaya. Ita kuwa sai ta kama rol ɗin da wasu ke gudu, wato na masifaffiya, makira, mai raba aure, ta mai da shi jarin ta.

Hanyar da ta biyo ta ɗan bambanta da ta iyayen da ta tarar. Yawancin su daga wasan daɓe su ka taso, a makarantu da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, sannan su ka shiga rediyo da talbijin, musamman NTA Kano, NTA Kaduna da CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Hasali ma, fim ɗin bidiyo na Hausa da ake lissafawa a matsayin na farko, 'Turmin Danya' na 1990, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne. A daɓe ake koyon ɗaga murya yadda na can baya zai ji, da riƙe hankalin jama'a ba tare da taimakon kyamara ba. Daso ba ta rasa wannan horo ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji cike da yara ya san shi ma wani daɓen ne.

SIRRIN IYA MUGUNTA

Muguwar mace ba baƙuwa ba ce a labarin Bahaushe. Tun a tatsuniya akwai mowa da bora, akwai kishiyar uwa mai aika marainiya rafi da tsakar dare. Don haka mai kallo ya san wannan matar tun kafin ya san bidiyo. Wahalar da ke gaban 'yar wasa ita ce ta fito da ita yadda mutum zai ce, "Wallahi akwai irin ta a unguwar mu!"

Nan ne Daso ta yi zarra. Wasu 'yan wasan sun ɗauka mugunta ita ce ihu da tafa hannu kawai. Ita kuwa ta na da makamai da yawa: harara, taɓe baki, tsaki, riƙe ƙugu, da wata irin dariya da ke nuna an gama ƙulla sharri. Ta kan yi wa mutum murmushi a gaban idon sa, ya na juya baya fuskar ta canza kafin ya kai bakin ƙofa. Ga Hausa a bakin ta, habaici da baƙar magana kamar an zuba mata. Ga kuma Turanci, wanda ta kan tsoma a zance idan rol ɗin na Hajiya 'yar boko ce mai raina talaka. Sannan ta iya haɗa mugunta da barkwanci, yadda za ka ji haushin ta amma ka na dariya.

A zamanin kaset, da zarar fim ya fito a Kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, cikin 'yan kwanaki ya isa Bebeji, Kiru, Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, har can Doguwa da Riruwai. A shagunan haya da gidajen kallo masu janareta, da cikin gidaje inda matan aure kan taru a ɗakin mai bidiyo, sunan Daso ya zama abin kwatance. Mace ta cika faɗa, sai ka ji an ce, "Ke dai Daso ce!"

Sai dai wannan suna ya na da tsada. Da yawan 'yan kallo ba su raba ɗan wasa da rol ɗin sa. Yarinyar da ta yi kuka a fim ita ake tausaya wa, ita ake aika wa gaisuwa. Wadda ta sa ta kukan kuwa Allah-ya-isa ta ke sha, alhali ita ta fi zuba gumi. Amma abokan aikin Daso sun shaide ta da fara'a, raha da jan yara a jiki. Mama su ke kiran ta.

MASU ZAMA BAYAN AN WATSE

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da matan fim. Jaruma kan yi tashe na shekara uku ko biyar, sai aure ya zo, a yi biki, a daina ganin ta. Iyaye mata su ne ke zama. Su su ka ga kafuwar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Su su ka ga dakatar da shirin fim a Kano a 2007, lokacin da 'yan fim da dama su ka koma Kaduna da aiki. Sun ga kaset ya ba faifan sidi wuri, sun ga satar fasaha ta durƙusar da kasuwar sidin, sun ga zuwan tashar Arewa24 a 2014 da finafinai masu dogon zango a talbijin da YouTube. Abin ya zagayo inda ya faro, domin dirama ta koma akwatin talbijin.

Daso ta ratsa duk waɗannan sauye-sauye ba tare da an daina neman ta ba. A zamanin sarautar farko ta Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II an ba ta matsayin Jakadiya a fada. A shekarun ta na ƙarshe kuma ta shiga soshiyal midiya, ta na sakin gajerun bidiyoyin barkwanci da su ka sa yaran da ba su san zamanin kaset ba su ma su ka san ta.

Ta rasu a Kano a ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, ranar ƙarshe ta azumin Ramalan, bayan ta yi sahur ta koma ta kwanta. Shekarun ta 56. Washegari aka yi Sallah, 'yan fim su ka yi ta cikin jimami.

WA ZAI RIƘE IYAYEN?

Daso ta bi sahun iyayen fim da su ka riga mu gidan gaskiya: Hajiya Amina Garba (Mama Dumba) a 2010, Hauwa Maina a 2018, Hajiya Zainab Booth a 2021. Duk wadda ta tafi, gurbin ta na nan a buɗe. Sababbin fuskoki na ta kwararowa industiri, amma kusan kowace jaruma ta ke son zama. Wa ke sha'awar fitowa a dillaliya ko uwar miji?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairu, 2022, Hajiya Ladin Cima, wadda tsofaffin masu kallon dirama su ka sani da Tambaya, ta shaida wa shirin 'Daga Bakin Mai Ita' na BBC Hausa cewa abin da ake sallamar ta da shi a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa biyar ba. Maganar ta tada ƙura. Ali Nuhu da Falalu A. Ɗorayi sun musanta, su ka ce sun biya ta abin da ya fi haka nesa, yayin da mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya goya mata baya. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abu guda ya fito fili: babu tsayayyen farashi, babu rubutacciyar yarjejeniya a mafi yawan ayyuka, babu fansho. Ɗan wasa ya tsufa ko ya kwanta ciwo, sai dai a kafa gidauniya.

An taɓa hango wata dama a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a garin Ƙofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, yankin da dama can 'yan fim su ka saba zuwa ɗaukar waƙoƙi a bakin Dam ɗin Tiga. Malamai da dama sun nuna rashin amincewa, gwamnati ta janye. Ko da an gina ta ma, gini kaɗai ba zai biya tsohuwar 'yar wasa haƙƙin ta ba. Wannan aikin furodusoshi ne da ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN: a yanka wa iyaye farashi na mutunci, a rubuta, a kuma sa sunan su a fosta kusa da na 'ya'yan da su ke aurarwa a fim.

Allah ya jiƙan Hajiya Saratu Giɗaɗo da sauran iyayen da su ka rigaye mu, ya sa Aljanna ce makomar su, amin.