An Tuɓe Kaki, Bashi Bai Ƙare Ba

Mu ɗauki misalin wani mutum a Amurka. Ya shiga soja yana ɗan shekara 18, ya yi shekara huɗu yana tuƙa babbar motar dakon kaya, aka sallame shi ya dawo gida. Ya yi aure, ya ci bashin banki ya sayi gida, ya samu aiki a garejin gyaran motoci. Kakin yana can ƙasan akwati, wandon ma ya daina shigarsa saboda teɓa. Ran nan ya taso daga aiki, hannu duk baƙin mai, matarsa ta miƙa masa ambulan. Da ya buɗe sai ya ga umarni daga rundunar sojan ƙasa: ya bayyana a bariki kaza cikin kwana 30, za a duba lafiyarsa, a sabunta masa horo, a tura shi Iraƙi. Abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, “Ai ni na gama nawa.” To, a wurin doka da saura.

Irin wannan takarda ce ta isa gidajen tsofaffin sojoji kimanin 5,600 daga tsakiyar shekarar 2004, lokacin da yaƙin Iraƙi da na Afganistan suka fara cin ƙarfin rundunar sojan ƙasa ta Amurka. Yawancinsu direbobi ne da makanikai da injiniyoyi da masu kula da kayan aiki. Ba wanda ya tambaye su ko suna so. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya gwamnati ke kamo mutumin da ya riga ya koma farar hula, a ƙasar da ta daina tilasta wa matasa shiga soja tun 1973?

Amsar tana cikin takardar da kowane kurtu ke sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi. Tun daga 1984, duk wanda ya shiga aikin soja a Amurka karon farko, na ƙasa ne ko na ruwa ko na sama, ya ɗauki alkawarin shekara 8. Kafin nan shekara 6 ce. Shekara uku ko huɗu da mai ɗaukar kurata ke ta nanata wa yaro, lokacin zaman bariki ne kawai. Ragowar ba a yafe ta ba. Ko dai mutum ya cike ta a rukunin sojojin ko-ta-kwana masu zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya kowane wata, da mako biyu a shekara, ana biyansu, ko kuma a jefa sunansa cikin wani jeri da ake kira IRR a taƙaice.

Wannan jeri shi ne zuciyar maganarmu. Wanda ke cikinsa ba ya fareti, ba shi da bataliya, ba ya karɓar albashi. Abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne: ya sanar da hukuma in ya sauya gida ko lambar waya, ya faɗi in lafiyarsa ko halin iyalinsa ya canja, in kuma an kira shi tantancewa ta yini guda a shekara ya je. Saboda sauƙin abin, mutane da yawa kan manta suna ciki. Hafsoshi kuwa nasu ya fi sarƙaƙiya. Ko shekara takwas ɗin ta cika, hafsan da bai rubuta takardar ajiye muƙaminsa ba yana iya ci gaba da zama a jerin, kuma a 2004 an samu waɗanda ba su farga da haka ba sai da kira ya zo.

Shugaban ƙasa ba ya kiran waɗannan mutane yadda ya ga dama, doka ta gindaya masa iyaka. In ya ayyana dokar ta-ɓaci, yana iya kiran sojojin ko-ta-kwana har miliyan ɗaya, kowanne na tsawon da bai wuce wata 24 a jere ba. Da wannan sashe George W. Bush ya yi aiki ranar 14 ga Satumba 2001, kwana uku bayan harin New York da Washington. Akwai kuma wani sashe da bai bukaci dokar ta-ɓaci ba, wanda ya ba shi damar kiran mutum 200,000 na tsawon kwana 365, amma daga cikinsu 'yan IRR kada su wuce 30,000. In kuwa majalisar dokoki ce da kanta ta ayyana yaƙi ko dokar ta-ɓaci, ana iya riƙe mutum har yaƙin ya ƙare da ƙarin wata shida.

Abin ba sabo ba ne. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta riga ta sallami mafi yawan mayaƙanta na Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta koma kan mazan jiya da ke zaune a gida. Sanannen cikinsu shi ne Ted Williams, tauraron wasan besbol na ƙungiyar Boston Red Sox. Ya koyi tuƙin jirgin yaƙi a yaƙin duniya, ya koma fagen wasa yana shan tafi. A 1952, yana da shekara 33, rundunar sojojin kundumbala ta sake kiransa. Ya ajiye sandar wasa, ya koyi tuƙin jirgi mai injin jet, ya fita farmaki sau 39 a Koriya. A ɗaya daga ciki, cikin Fabrairun 1953, an harbi jirginsa, ya lallaɓa ya sauke shi a kan cikinsa babu tayoyi, wuta na ci, ya fito da ƙafarsa. In shahara da kuɗi ba su hana a kira irin wannan ba, ina ga makanikin gareji?

Bayan haka an ci gaba da taɓa jerin lokaci zuwa lokaci. A farkon 1991, lokacin yaƙin ƙwato Kuwaiti, rundunar sojan ƙasa ta kira kimanin 20,000. A watan Agustan 2006 aka ba sojojin kundumbala izinin kiran har 2,500 a lokaci guda. A Maris 2020 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya buɗe ƙofar kiransu saboda annobar korona, musamman ma'aikatan lafiya. A Yulin 2023 Joe Biden ya amince a kira sojojin ko-ta-kwana har 3,000 don ƙarfafa rundunar Amurka a Turai bayan mamayar Rasha a Yukren, ciki har da 'yan IRR da ba su wuce 450 ba.

Me ya sa manyan soja ke son wannan tsari? Lissafi ne. Kafin a mai da ɗan makaranta makanikin tankar yaƙi ko ma'aikacin jinya na fagen daga, sai an kashe watanni da kuɗi masu yawa. Wanda ya bar bariki shekara biyu da suka wuce kuwa, makonni kaɗan sun isa a kaɗe masa ƙura. Kuma ba a matsayin runduna guda ake kiransu ba, ɗaiɗai ake tsinto su ana toshe gurabe a bataliyoyin da za su tafi. Nan ne wahalar take ga wanda aka kira. Yakan tsinci kansa cikin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda sun daɗe suna atisaye tare, shi kuma jikinsa ya saba da kujera da abincin gida.

Kiran 2004 ya tona raunin tsarin. An aika takardu da yawa gidajen da masu su suka daɗe da tashi. Fiye da mutum dubu sun nemi a ɗaga musu lokaci ko a yafe musu, wasu saboda rashin lafiya, wasu saboda su kaɗai ke riƙe da 'ya'ya ko tsofaffin iyaye, an kuma amince wa da yawa. Wasu ɗaruruwa ba su bayyana a ranar da aka sa musu ba. Jeri a takarda daban, mutanen da za su iya ɗaukar bindiga gobe da safe daban.

Akwai wani ɗan'uwan wannan tsari da ake yawan haɗa su, wato dokar hana sallama, wadda sojojin ke kira stop-loss. Ita tana kama wanda bai riga ya fita ba ne: ranar sallamarsa ta zo, sai a ce ya dakata har bataliyarsa ta je fagen daga ta dawo. A yaƙin neman zaɓen 2004 ɗan takarar shugaban ƙasa John Kerry ya kwatanta irin waɗannan matakai da tilasta shiga soja ta ƙofar baya. Wani saje na dakarun jihar Oregon ya kai gwamnati ƙara kan tsawaita masa wa'adi, amma a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnati na da hurumi. Daga baya, a 2009, ministan tsaro Robert Gates ya sanar da janye tsarin a hankali, majalisa kuma ta amince a biya waɗanda abin ya shafa tun daga 2001 dala 500 kan kowane wata da aka riƙe su. An ƙiyasta masu haƙƙin sun kai 145,000.

Masu kare tsarin suna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: sharaɗin yana rubuce, ba wanda aka tilasta wa sa hannu. Masu suka kuma suna cewa yaro ɗan shekara 18, da aka zaunar gaban tulin takardu ana yi masa zancen kuɗin jami'a da garabasar shiga, ba lallai ya auna nauyin sakin layi ɗaya ba. Suna ƙarawa da cewa nauyin yaƙi yana komawa kan mutane ƙalilan ɗin da suka riga suka ɗauka sau ɗaya, alhali sauran jama'a ba abin da ya taɓa su. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, amma alhakin bayani a fili ya fi rataya a wuyan wanda ya rubuta takardar.

Doka ba ta bar wanda aka kira haka kawai ba. Wata doka ta 1994 ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da shi aikinsa in ya dawo, tare da matsayin da zai kai da bai tafi ba. Wata ta 2003 ta rage ruwan bashin da ya ci kafin kira zuwa kashi 6 cikin ɗari, ta kuma ba shi damar fasa yarjejeniyar haya. Sai dai wannan ba ya ceton mai ƙaramar sana'ar kansa, wanda in ya rufe shago shekara guda abokan ciniki sun watse.

Maganar ta shafe mu ta wata kusurwa. 'Yan Najeriya da Gana da Nijar da Kamaru masu katin zama na dindindin suna shiga sojan Amurka, wasu don karatu, wasu don hanzarta samun takardar zama ɗan ƙasa, hanyar da Bush ya sauƙaƙa da wani umarni a Yulin 2002. Ga inda ya kamata a buɗe ido: wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja, in aka sallame shi da sallamar rashin mutunci kafin ya cika shekara biyar yana aiki da kyau, doka ta ba da damar a ƙwace wannan matsayi. Ƙin amsa kira kuwa yana cikin abubuwan da kan ɓata takardar sallama. Haka nan wanda ya gama zaman bariki ya dawo Kano ko Kumasi ya kafa kasuwanci, sunansa bai fita daga jerin ba don ya ƙetare teku.

Saboda haka in ɗanka ko ƙaninka da ke can ya bugo waya yana murna cewa zai shiga soja na shekara huɗu, ka taya shi murna in ka ga dama, amma ka ce masa ya koma ya nemi inda aka rubuta shekara takwas, ya karanta da kansa, ya tambayi ranar da alkawarin zai ƙare gaba ɗaya, ya rubuta ta ya ajiye. In ya fita, ya riƙa sanar da sabon adireshinsa, ya adana takardun asibiti da na iyali, domin da su ake neman sassauci in kira ya zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yana iya cika shekarunsa ba a taɓa nemansa ba, yawanci ma haka ake yi. Amma har ranar nan ta zo, kakin da ke ƙasan akwati ajiya ce aka ba shi, mai ita kuma yana iya aikowa.