Damina Ba Ta Jiran Takarda: Maganar Kwatocin Anloga

Duk wanda ya taɓa kwana a Anloga cikin watan Yuni ya san yadda muke yi in hadari ya haɗo. Mata su ɗora tabarmi da buhun gari bisa teburi, maza su fito da shebur, mu malaman makaranta kuwa mun san gobe aji ba zai cika ba.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Unguwarmu a gangare take. Rafin Aboabo ya ratso ta Moshie Zongo da Aboabo, ya biyo ta gefenmu kafin ya haɗu da Sisa, su nufi kogin Oda. Abin da aka zubar a can sama, leda ne ko yashi ko ƙazantar masai, mu yake iskewa. In kwata ta toshe, ruwa ya koma gidaje, ya shiga salga ya fito da abin da ke ciki. Bayan ya janye sai zazzaɓi da gudawa su biyo, yara ne kuma kan fara kwantawa.

Kumasi kuwa ba ta da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa sai a wurare kaɗan, kamar Asafo, inda aka shimfiɗa shi tun shekarun 1990, da Ahinsan da Chirapatre da jami'ar KNUST. Sauranmu sai rami da motar kwashe masai.

To, ina kuɗin gyara? Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, wadda ta ci rayuka fiye da 150 a Accra, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don gyaran magudanan kogin Odaw. A 2020 ya ƙara dala miliyan 125 a kan shirin tsabta da ruwan sha na Accra, aka faɗaɗa shi har Kumasi da kewayenta, aka riƙa gina ban-ɗaki a gidaje. Akwai kuma Asusun Raya Zango, wanda aka yi dokarsa a 2017. Tun 2018 Oforikrom ta sami majalisarta, ba sai mun je KMA ba.

Amma fa masu ba da irin wannan kuɗi ba sa jin kuka, takarda suke karantawa. Suna so su san gida nawa ruwa ke ci, wace kwalbati ce ta yi ƙanƙanta, wa zai riƙa yashe kwatar bayan an gina. Kuma kuɗin ta hannun gwamnati da majalisa yake bi. Aikin da bai shiga tsarin raya ƙasa na majalisa ba, da wuya a waiwaye shi.

Saboda haka shawararmu ita ce, limamai da sarakunan zango da wakilanmu na majalisa su zauna tare da maƙwabtanmu Ewe da Asante, don ruwa ba ya tambayar ƙabila. A kafa kwamiti, a ƙidaya gidajen, a ɗauki hoto ranar ambaliya, a sa alama a bango inda ruwa ya tsaya. Ɗalibanmu manya za su iya wannan ƙidaya cikin hutu ɗaya. Mu kuma mu daina zuba shara a kwata, domin ba wanda zai taimaki mai toshe hanyarsa da hannunsa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A rubuta takardar nan da rani, kada mu jira hadari. Allah ya kiyashe mu, amin.