HAWAN JINI: KADA KA BAR ASIBITI BA KA YI TAMBAYA BA

Jama'a, hawan jini ciwo ne mai sanɗa. Mutum zai yi shekaru da shi, yana noma, yana cin kasuwa, bai sani ba. Sai ranar da ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sannan a ce iska ce ko sammu.

Awo ne kaɗai ke nuna shi. Ma'aikacin lafiya zai ɗaura maka abin awo a damtse, ya karanta lamba biyu. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, aka kuma sake gwadawa wata rana aka ga haka, to akwai hawan jini.

Mutumin Hanwa bai rasa wurin awo ba. Ga ƙananan asibitoci a Samaru da Sabon Gari, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Abin da ake rasawa shi ne bayani. Layi ya yi tsawo, ma'aikaci yana sauri, mara lafiya yana jin nauyin tambaya. Sai ya karɓi ƙwayoyi ya tafi. Bayan mako biyu ya ji garau, ya ajiye magani. In ciwo ya taso, ya ce asibitin ba su iya aiki ba. Alhali ba wanda ya gaya masa cewa wannan magani danne ciwon yake yi, ba ya kashe shi. Kullum ake sha.

Saboda haka ka tambaya. Ka ce, "Malam, nawa awona yau? Yaushe zan dawo?" Tunda ka koyi karatu, sa a rubuta maka lambar a katinka.

Tambayi batun abinci ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi yana cikin lissafi. Kanwa ma haka, domin tana tara ruwa a jiki kamar gishiri. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun binciki ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau. Sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira arba'in.