Takunkumin Ƙasashen Waje a Kan Nijeriya, 1993 zuwa 1999

Takunkumi shi ne matakin da ƙasashe ke ɗauka don su matsa wa wata gwamnati ta sake hali ba tare da an kai ga yaƙi ba. Ƙarfinsa kuwa ya dogara ne ga abin da ya taɓa, kamar yadda tarihin Nijeriya ya nuna.

A ranar 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Alhaji Moshood Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC. Abiola ya yi rinjaye har a Kaduna da Kano, mahaifar Tofa, amma ranar 23 ga watan gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. Nan take Amurka da Ingila suka rage taimakon soja. Da Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba 1993 sai kamu ya tsananta. An tsare Abiola a 1994. A 1995 kotun soja ta yanke wa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa hukuncin kisa bisa zargin juyin mulki, ta kuma ɗaure Janar Obasanjo da Shehu Sani, ɗan Tudun Wadar Kaduna, makwabciyar Unguwar Sanusi.

Matsin jakadu ya yi amfani a nan, domin a Oktoba 1995 an sassauta waɗannan hukunce-hukunce. Amma ranar 10 ga Nuwamba aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas, alhali shugabannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila suna taro a Auckland. Kashegari suka dakatar da Nijeriya. Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai, ta hana manyan sojoji da iyalansu izinin shiga, ta kuma janye jakadunta na ɗan lokaci.

Duk da haka gwamnatin ba ta girgiza ba, domin ba a taɓa man fetur ba, wanda shi ne mafi yawan kuɗin shigarta daga waje. Nelson Mandela ya nemi a daina sayen man, amma manyan masu saye ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce talaka ne zai fi jin jiki. Masu sukarsu kuwa suka ce kasuwarsu suke karewa, an bar jaki ana dukan taiki. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997, Abiola kuma a tsare a Yuli 1998.

Rasuwar Abacha ce, ranar 8 ga Yuni 1998, ta buɗe ƙofar sauyi. Sai dai wariyar da ƙasar ta sha tana cikin abin da ya sa Janar Abdulsalami Abubakar ya saki fursunonin siyasa, ya gaggauta miƙa mulki. Ranar 29 ga Mayu 1999 Nijeriya ta koma kujerarta a ƙungiyar. Wato takunkumi yakan ceci ran ɗaurarre, yakan kuma nuna wa magaji hanyar fita, amma da wuya ya kawar da gwamnatin da baitulmalinta ke cike.