Me Ya Sa Koci Ke Ɗari-Ɗari Da Yaro Mai Salo Na Daban?

Da wuya ka je filin ƙwallo na unguwa, a Samaru ko Sabon Gari, ba ka samu yaron da 'yan kallo ke taruwa dominsa ba, alhali koci ya fi son ganinsa a benci. Da ƙwallo ta zo masa sai ya take ta da tafin ƙafa, ya ɗaga kai, ya yanke mutum biyu, ya zura ta inda ba wanda ya zata. Wani sa'in ta shiga raga, wani sa'in a ƙwace a kawo wa gidansu hari. In ka tambayi koci, zai ce maka, "Yaro ya iya, sai dai ba ya jin magana."

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, akwai ɗan wasa guda da ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke zaɓen wanda zai jefa wa. An saba da dogo, mai tsayawa wuri guda a bayan masu kare shi. Lamar Jackson kuwa gudu yake da ƙwallon da kansa. Ya ci kyautar gwarzon jami'o'i a 2016, amma a zaɓen 'yan wasa na 2018 sai da aka ɗauki mutum huɗu masu matsayinsa kafin Baltimore Ravens ta ɗauke shi a lamba ta 32. Har wani tsohon manajan ƙungiya, Bill Polian, ya ba shi shawarar ya canza matsayi. Bai samu filin bugawa sosai ba sai da Joe Flacco, kwatabak ɗin da ke gabansa a ƙungiyar, ya ji rauni. A 2019 shi ne gwarzon gasar, ba ƙuri'a ko ɗaya da ta tsallake shi, ya kuma sake ci a 2023. Gabaninsa, a 1978, ba ƙungiyar da ta ɗauki Warren Moon, a zamanin da ake ƙyashin ba baƙar fata wannan matsayi, sai Kanada ya tafi.

Kocin namu ba makaho ba ne, yana ganin abin da muke gani. Lissafinsa ne daban. In ya sa yaro mai bin tsari aka ci su, za a ce ranar ce ta zo da haka. In ya sa mai salo aka ci su, laifin na kansa ne shi kaɗai, kuma a gasarmu ta Najeriya wasanni kaɗan sun isa a sallami koci. Ga kuma wahala: irin wannan yaro ba ya shiga tsarin da aka riga aka gina, sai dai a gina sabo a kansa. Haka John Harbaugh, kocin Ravens na lokacin, ya yi, ya sake fasalin harinsu gaba ɗaya saboda Jackson. To amma shi a lokacin ya daɗe kan kujerar, tun 2008, da kofi a hannunsa. Wane kocin namu ne ake yi wa wannan haƙurin?

Mu a Zariya muna da misali na gida. Masai Ujiri a nan ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando, a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka fi sani da OBJ. Yana shugabantar Toronto Raptors a 2016 suka ɗauki Pascal Siakam, ɗan Kamaru da bai fara wasan da gaske ba sai da ya zama saurayi, a lamba ta 27. Suka ba shi lokaci ya yi kuskure ya gyara. A 2019 da shi suka ɗauki kofin NBA.

Ban ce kowane mai yanka gwani ba ne. Akwai wanda riƙe ƙwallo ne kawai, ba ya dawowa tsaro, kuma benci ne daidai da shi. Amma ba a gane bambancin a minti goma na ƙarshen wasa.

Don haka kirana ga masu ƙungiyoyi da makarantun ƙwallo na Samaru da Sabon Gari ne. Ku ba kocinku kaka guda cikakkiya, ku gaya masa a gaban 'yan wasa cewa wasa biyu ba za su raba shi da aikinsa ba. Sannan ku tambaye shi me ya sa yaron nan yake benci.